Na karanta gudanar da kasuwanci, ko zai fisshe ni a jarrabawar shiga aikin gwamnati?

Ɗan Tudun Jukun:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu shiga aiki, musamman wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta ya rubuta jarrabawar ɗaukar ma'aikata.

Na yi digiri a ABU a fannin gudanar da kasuwanci, na yi bautar ƙasa a Jihar Oyo, shekara biyu ke nan da dawowata gida. Yanzu ina zaman shagon kawuna a kasuwar Sabon Gari, atamfa da shadda muke sayarwa, ni ke riƙe da littafin bashi da na'urar POS. Alhamdu lillahi ba a rasa na cefane, amma Inna kullum maganarta ɗaya ce, wai aikin gwamnati ko na shara ne akwai fansho a ƙarshensa. Na cike fom na hukumar ɗaukar ma'aikata ta tarayya, gurbin jami'in gudanarwa mataki na 8, ina jiran kira.

Ga inda gizo ke saƙar. Bara na je Kaduna na rubuta ta wata hukuma, ba sai na kama suna ba. Sati uku na yi ina bitar takarduna tun na aji ɗaya: masanan gudanarwa irin su Fayol da ƙa'idojinsa 14, Taylor, Maslow da tsaninsa na buƙatu, McGregor da X da Y ɗinsa. Har a kwali na rubuta su na liƙa jikin kantar shadda, in kasuwa ta yi sanyi sai in riƙa leƙawa. Kawu ya dinga tsokanata wai na buɗe makarantar allo a shagonsa. Ranar jarrabawa tun da duku-duku na hau mota a Kwangila, ƙirjina cike da Fayol. Da aka buɗe mana kwamfuta, cikin tambaya 50, waɗanda suka taɓa abin da na haddace ba su wuce uku ba. Saura duk Turanci ne da lissafi da wa ke riƙe da kujera kaza. Lokaci ya ƙare ina kan ta 38.

Akwai guda ɗaya da har yau take min ciwo. An tambaya, a ma'aikatar gwamnati wane ne alhakin kuɗi ke wuyansa. Ban ko tsaya tunani ba na danna minista, don a karatunmu wanda ke saman kamfani shi ke ɗaukar komai. Sai a mota muna dawowa wani dattijo ya ce min babban sakatare ne. Daga Mararraban Jos har Ɗanmagaji ban sake cewa uffan ba.

To yanzu me zan yi? In koma kan takardun nan nawa ne in ƙara musu wuta, ko akwai wani abu dabam da ake karantawa wanda ba a gaya mana ba? Kuma 'yan littattafan tsofaffin tambayoyi da ake sayarwa wurin masu fotokwafi, suna da amfani ko asarar kuɗi ce? Allah ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Sarkin Yaƙin Gyallesu:

Wa alaikumus salam. Abokina kar ka wahalar da kanka. Fayol ɗin da ake nema a ƙasar nan shi ne sanata ko ɗan majalisa. Ni na rubuta sau huɗu, biyu a Kaduna, ɗaya a Abuja, ɗaya a nan Zariya, har yau ko saƙon "mun gode da zuwa" ban gani ba. Wanda muka zauna benci ɗaya da shi, wanda ni na nuna masa inda ake danna amsa, yau yana can da katin aiki rataye a wuya. Ka riƙe shagon kawunka da kyau, shi ne gwamnatinka.

Tsohon Akawu:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Shi Sarkin Yaƙi ban ce ya yi ƙarya ba, akwai abin da ya faɗa, mun gani da idonmu. Sai dai na zauna a kwamitin tantancewa ba sau ɗaya ba, kuma na ga yaran da ba su san kowa ba sun shiga, don makinsu ya yi yawan da ba a iya ture shi. Wanda bai rubuta ba kuwa ko a yi adalci ko kar a yi, ba ya ciki. Mu bar wannan.

Na shiga aikin jiha a 1984 ina akawu, na ajiye a 2019 da shekara 35 ta cika. A tsakani na yi difloma a Kongo, harabar ABU da ke nan Zariya. Kai da ka yi ABU ka san wurin, amma watakila ba ka san cewa tun 1947 aka buɗe shi don horar da akawuna ba, ya zama Cibiyar Nazarin Mulki a 1954, tun kafin a kafa jami'ar kanta a 1962. Ma'aikatan En'e na Arewa da yawa nan aka gyara su. Wato abin da kake nema a bayan gidanku aka daɗe ana koyar da shi.

Bari in ba ka labari ɗaya, in ka gane shi ka gane dalilin da ya sa ka danna minista.

Wata shekara da damina, ina riƙe da sito a wani ofis, aka ba ni kuɗin sayen takardu da ribin na tafireta. Maimakon in je wurin wanda aka saba saye, sai na shiga nan Sabon Gari ɗinku, na yi ciniki irin na ɗan kasuwa, na samo kayan da sauƙi, kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ya rage a hannuna. A lokacin kwanon ɗakin ajiyar fayil yana yoyo, har bokiti biyu muke tarawa a kan kabad, masinja yana juyewa. Fayilolin fansho na bayin Allah suna shan ruwa, tawada tana narkewa. Na ce wannan ai ba sai an yi shawara ba. Na kira kafinta, ya sauya fallen kwano uku, na karɓi rasit, na haɗa da na takardun na manna a bauca, wato takardar shaidar biyan kuɗi. Na koma gida ranar ina jin kaina kamar na gina asibiti.

Wata huɗu bayan nan odita ya zo. Wani siririn mutum mai jan biro a aljihu, ba ya ɗaga murya. Ya buɗe baucar, ya duba rasit ɗin kafinta, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, wa ya ba ka izinin ɗaukar kuɗin takarda ka kai kan gyaran gini?" Na ce ai ragowa ce, ni na yi tsimi. Ya ce, "Ragowar taka ce?" Kafin sati ya zagayo takardar tuhuma tana kan teburina. Na amsa, aka ba ni gargaɗi a rubuce, ya zauna cikin fayil ɗina har na yi ritaya. Maigidana na lokacin, Allah ya jiƙansa, ya kira ni ofis ya rufe ƙofa ya ce, "Da ka bar fayilolin sun jiƙe, da ba wanda zai tambaye ka. Da ka rubuto min minit na layi huɗu kana neman izini, da yanzu yabo kake sha."

Na yi fushi ƙwarai, na kwana biyu ba na gaishe shi da sakin fuska. Sai da na girma a aiki na ga abin da ake gudu. Ƙofar da na bi da kyakkyawar niyya, ita ce dai ɓarawo ke bi, shi ma da rasit a hannunsa. Doka ba ta iya leƙa zuciya, don haka sai ta toshe ƙofar gaba ɗaya. A shagon kawunka, in ka rage kuɗin dako ka gyara rumfa, kawu zai ƙara maka na shayi. A gwamnati kuɗin da majalisa ta ware wa abu kaza, na abu kaza ne, ba ka juya shi sai da izinin wanda doka ta ba ikon. Karatunka ya koya maka tambayar "me zai fi riba?" Jarrabawar nan kuwa tambayarta ita ce "wa ke da iko, kuma wace ƙa'ida ta ba shi?" Minista ɗan siyasa ne, yau yana nan gobe an sauya shi. Babban sakatare shi ke amsa tambayar kuɗi. An taɓa juya abin a gyaran 1988 zamanin Babangida, aka mai da manyan sakatarori daraktoci-janar, aka ɗora alhakin kuɗi a kan minista. Bai yi ƙarko ba, bayan kwamitin Ayida a zamanin Abacha aka koma gidan jiya. Ka ga amsarka ba ta rasa tarihi ba, ta dai makara da shekara talatin.

Don haka ga abin da zan ce ka nema. Na farko Dokokin Aikin Gwamnati, PSR, bugun 2021, kar ka yarda a sayar maka da tsohon na 2008 don an sauya abubuwa. Na biyu Ƙa'idojin Kuɗi. Na uku Tsarin Mulkin 1999, ko da sashe na 14 mai maganar raba daidai tsakanin jihohi, da na 153 inda aka kafa hukumar da ka cike wa fom. Ba hadda za ka yi irin ta Fayol ba, karanta su kamar kana karanta yarjejeniyar hayar shago. Za ka ga sabon ma'aikaci yana zaman gwaji shekara 2 kafin a tabbatar da shi. Ƙarin girma daga mataki na 6 zuwa ƙasa bayan shekara 2 ne, na 7 zuwa 14 shekara 3, na 15 zuwa 17 shekara 4. Ritaya shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki, duk wadda ta riga zuwa. Darakta yanzu ba ya wuce shekara 8 a kujera. Kuma ka kula da dakatarwa, iri biyu ce, masu tambaya suna son tarkon nan: intadikshan ana biyan mutum rabin albashi, sasfenshan ko kwabo babu.

Ka kuma san Udoji. Ina yaro a 1975 mahaifina yana reluwe aka biya su kuɗin Udoji, wato ƙarin albashi, ya shigo gida da sabon keke da rediyo mai batir huɗu, unguwa ta taru kallo. Mutane kuɗin kawai suka riƙe, amma hukumar Jerome Udoji da Gowon ya kafa a 1972, ta miƙa rahoto a 1974, ita ta kawo tsarin matakan albashin nan da kake neman na 8 a cikinsa.

Na yi tsawo, ka yi haƙuri, tsufa ne.

Maman Hanifa:

Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, labarin kwanon nan ya sa ni dariya ni kaɗai a ofis. Amma da izininka zan ɗan saɓa maka a wuri ɗaya, don ni kwanan nan na bi ta hanyar.

Ƙanena, ni ma abin da ka karanta na karanta, yanzu ina mataki na 9 a wata hukumar tarayya. Abin da Baba ya lissafa duk gaskiya ne, amma inda ya fi cizo shi ne bayan ka shiga, a jarrabawar tabbatarwa da muke kira COMPRO da ta ƙarin girma. A ta shiga, ka duba abin da kai da kanka ka rubuta: lokaci ya ƙare kana kan ta 38. Tambaya 12 ka bari ba ka ko gani ba. Ba Fayol ne ya kayar da kai ba, ba kuma minista ba, agogo ne.

Ranar tawa ba zan manta ba. An ce mu zo ƙarfe bakwai, ba mu shiga ba sai bayan azahar, ga goyo na bar wa ƙanwata a waje ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Da muka zauna, wani bawan Allah kusa da ni, da gani ya fi ni karatu nesa ba kusa ba, sai kokawa yake da linzamin kwamfuta, kibiyar tana gudu tana barinsa. Yana gumi yana salati. Ga agogo a kusurwar allo yana cin minti kamar ana zare tsintsiya. Ni kuwa ban taɓa linzamin ba sam. Inda ake amfani da tsari irin na JAMB, da maɓallai kawai za ka gama: A, B, C, D na amsa, N ka yi gaba, P ka dawo baya, S ka miƙa. Wannan kaɗai ya ba ni kusan minti biyar a kansa.

Yadda na shirya ba wani abin a zo a gani ba ne. Wata biyu, kullum bayan isha in yarinya ta yi barci, sai in saita agogon waya minti 20 in ɗauki tambaya 30. In wata ta tsaya min a wuya in tsallake ta, ba na jayayya da tambaya. Da farko ina kaiwa 18, kafin wata ya ƙare ina gamawa har da ragowar lokacin dubawa.

Kuma kai kana da abin da ba ka san darajarsa ba. Lissafin da suke yi ai na kasuwa ne. Shadda ta naira 8,000 an rage kashi 15, nawa za a biya? Kai da ke zaman shago kafin mai kalkuleta ya lalubo maɓalli ka ce 6,800. Riba da faɗuwa, rabon kuɗi tsakanin mutum uku, kuɗin ruwa na shekara, duk abin da kake yi ne tsakanin azahar da la'asar. Turanci ne ke son aiki: karanta ɗan labari ka amsa tambaya, kalma da kishiyarta, da ƙananan kalmomin nan da ke bin aikatau. Jarida ta Turanci guda ɗaya a rana, ko a waya ce, ka karanta ta da ƙarfi.

Na al'amuran yau da kullum kuwa, ka buɗe ɗan littafi ka riƙa rubutawa da hannunka. IPPIS, tsarin biyan albashi ta kwamfuta, 2007 aka fara. Asusun bai ɗaya, TSA, 2015 aka tilasta shi. Dokar sayen kayan gwamnati da ba da kwangila 2007. Dokar fansho ta 2004 da aka sabunta a 2014, ma'aikaci kashi 8, wanda ya ɗauke shi aiki kashi 10. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 tun 2024. A 2024 Didi Walson-Jack ta karɓi kujerar shugabar ma'aikatan tarayya daga Folasade Yemi-Esan. Irin waɗannan sunaye ka sake duba su ana gobe jarrabawa, don kujera ba ta da mai ita. Nan ne ma matsalar littattafan masu fotokwafi take. Ka saya don ka saba da salon tambaya, amma kar ka amince da amsoshin da ke baya. Nawa na samu kuskure fiye da goma, har da ministan da ya bar kujera tun ina makaranta.

Abu na ƙarshe, ka fito da takardunka yau ka jera su a tabarma: NIN, sakamakon sakandare, digiri, takardar bautar ƙasa, shaidar ƙaramar hukuma. In a wata kai Muhammad ne a wata Mohammed, ko ranar haihuwa ta bambanta, ka gyara tun yanzu. Na ga wadda ta ci jarrabawa aka mayar da ita daga teburin tantancewa saboda harafi biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbi, ka gudu. Maƙwabcinmu gonar gado ya sayar, takardar da aka ba shi har da hatimi, ranar da ya je kama aiki aka ce ba su san da ita ba.

Malam na Samaru:

Salamu alaikum. Ni malamin wannan fanni ne a wata makarantar gaba da sakandare, don haka dole in kare abincina, na ga ana neman a yi wa Fayol ritayar dole.

Baba, Allah ya ja kwana, labarinka gobe zan ba ɗalibaina shi a aji in ka yarje min. Amma ka lura, abin da oditan nan ya yi maka, Max Weber ya riga ya zayyana shi tun farkon ƙarnin da ya wuce: ofis yana tafiya ne da rubutacciyar ƙa'ida, da matakan iko, da fayil, ba da halin mutumin da ke kan kujera ba. Wato yaron nan ya karanta labarinka tun a aji biyu, bai dai san kai ne ba. Laifinmu ne mu malamai, muna koyar da abin kamar sunayen sarakunan wata ƙasa, a haddace a zubar a takarda.

Ɗan Tudun Jukun, kar ka cire kwalin nan daga jikin kanta. Ka ɗauko biro ka ja layi a gaban kowane suna, ka rubuta inda yake zaune a aikin gwamnati. Fayol injiniyan ma'adinai ne a Faransa, a 1916 ya fitar da ƙa'idojin nan. Tsanin iko da ya faɗa, shi ne dalilin da ƙaramin ma'aikaci ba ya rubuta wa babban sakatare kai tsaye, sai takarda ta bi ta hannun shugaban sashensa. Ƙa'idarsa ta cewa mutum ɗaya ubangida ɗaya, ka tambayi duk wanda darakta biyu suka taɓa aika a lokaci guda. Luther Gulick da ya haɗa harufan POSDCORB a 1937, kowane harafi na nuna wani aikin shugaba, aikin gwamnatin Amurka yake magana a kai, ba kamfani ba, kuma harafin ƙarshe kasafin kuɗi ne, wanda ya ci Baba. Gudanarwa ta hanyar sa buri da Peter Drucker ya yaɗa a 1954, tana cikin abin da Udoji ya ce a shigo da shi aikin gwamnati. Mutane suka karɓi kuɗin suka bar shawarar a kabad. Yau ga shi an dawo ana cewa a ajiye tsohon fom ɗin APER, na rahoton ma'aikaci a ƙarshen shekara, a koma auna ma'aikaci da abin da ya cim ma. Shekara hamsin ana zagaye gida ɗaya.

Maman Hanifa ta yi gaskiya kan agogo, ba ni da ja. Sai dai kwamfuta ƙofar farko ce. In ka wuce za ka zauna gaban mutum huɗu ko biyar, wani ya ce maka, "Kana da ma'aikata shida, biyu ba sa zuwa sai sha ɗaya, ba ka da ikon korarsu, ba ka da ikon ƙara wa masu zuwa albashi, ya za ka yi?" A nan wanda ya karanta tarihi ko kimiyyar sinadarai zai fara kame-kame. Kai kuwa kana da Herzberg, wanda ya ce albashi yana hana ƙorafi ne kawai, abin da ke sa mutum ƙwazo shi ne a ba shi aiki mai ma'ana a kuma san ya yi. Ka haɗa da abin da PSR ta ce kan gargaɗi da takardar tuhuma, ka kawo misali daga yaran shagon kawunka. Kar dai ka ce musu "kwastoma sarki ne", ka ce ɗan ƙasa mai haƙƙi. SERVICOM, ofishin sa ido kan yadda ma'aikatu ke yi wa jama'a hidima, da aka kafa a 2004 ai tunanin kasuwa ne aka sa masa rigar gwamnati.

In kana son wurin karatu mai shiru, ka san ɗakin karatu na Kennedy a Kongo da na Kashim Ibrahim a Samaru, ka tambaya yadda tsofaffin ɗalibai ke samun izinin shiga.

Sarkin Yaƙin Gyallesu:

Duk na ji. Maman Hanifa, maganar maɓallan nan da gaske ne? Sau huɗu ina fama da linzamin nan ba wanda ya gaya min.

Ɗan Tudun Jukun:

Kai jama'a, Allah ya biya ku. Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Na karanta wa kawu labarin kwano, ya ce shi da kai ne yaronsa da ya ba ka shago guda. Anti Maman Hanifa, jiya bayan isha na gwada, minti 20 tambaya 30, na kai 21, huɗu a ciki ba daidai ba. Na kuma jera takardun kamar yadda kika ce, sai ga shi a shaidar ƙaramar hukuma an rubuta sunan mahaifina da harafi ɗaya fiye da na NIN, Litinin zan bi ta kai. Malam, kwali yana nan, na ja layin, na cike gaban Fayol da Weber, gaban Maslow ne har yanzu ban san me zan sa ba.

Na sauke PSR a waya na kai an buga min babi uku na farko. Sai dai wani abu ya ɗaure min kai. A jadawalin albashi da na gani, daga mataki na 10 sai na 12. Na ce ko mai bugawa ne ya tsallake layi, har na koma na yi masa magana. Baba, ina na 11 ya shiga?

Tsohon Akawu:

Ɗana ka koma ka ba mai fotokwafi haƙuri, bai ci maka layi ba. Babu mataki na 11 a jadawalin ma'aikatan gwamnati, daga 10 sai 12. Kai za ka shiga a 8, shekara uku-uku, 9, 10, sannan 12. Ka riƙe ta, an sha yin tambayar.

Malam, na yarje maka labarin, amma ka ce musu kwanon bai sake yoyo ba har aka tashi daga ginin. Gaban Maslow kuwa yaro ya rubuta "ranar 25 ga wata", zai gane in ya shiga.

Ina da tsohon littafin Ƙa'idojin Kuɗi, bangonsa ya rabu, na ɗaure shi da zaren fayil. Lambobin kuɗin ciki sun tsufa, amma babin bauca da na sito da na odita za su yi maka amfani. Ina sallar la'asar wajen Ƙofar Doka kusan kullum in ban da Juma'a. Ka aiko min saƙo ta gefe mu sa rana. Ka taho da leda, damina ce, kuma aro ne ba kyauta ba.